Ba a Sallami Mot Ba

Liverpool,
Alhamis, 15 ga Oktoba.

Zuwa ga mijina Tegid,

Gaisuwa mai yawa da ƙauna, da fatan ka tashi lafiya. Yaya jiki? Na san tambayar banza ce, tunda ga ka nan kwance taku biyu daga kujerata, kuma ko ka ji ni ba ka da abin amsawa. Amma haka aka koya mana fara wasiƙa a makaranta, ni kuwa ban iya wata hanya ba.

Sista Maureen ce ta ba ni wannan littafi, wata gajeriyar nas mai jan gashi da take kula da kai da rana. Ta ce waɗanda aka yi wa irin aikinka sukan farfaɗo su tarar kwanaki sun ɓace musu, sai su cike gurbin da mugayen mafarkai su ɗauka gaskiya ne. Ta ce in rubuta maka komai, har abin da nake ganin ka sani. Na ce mata ni wasiƙa kawai na iya. Rabon da in rubuta maka ita tun shekarar da ka tafi askin tumaki a Norway kafin aurenmu, na aika maka tara, ka amsa da kati ɗaya mai hoton jirgin ruwa.

To, ga abin da ka sani. Sunanka Tegid Vaughan, shekararka saba'in da ɗaya, kana kiwon tumaki a gonar Hendre inda aka haife ka. Ni ce Nesta, matarka shekara arba'in da uku, in kuma ka manta da wannan za mu gamu. Ciwon daji ne ya kama gindin harshenka ya gangara maƙogwaro. Shekaranjiya Talata likitoci suka yi awa goma sha ɗaya a kanka. Sun cire maƙogwaron har da muryar, sun cire wani sashe na harshe, suka yanko tsoka daga cinyarka suka yi faci da ita. Yanzu ta wata ƙofa a wuyanka kake numfashi, abinci kuma ta wani siririn bututu da aka zura ta hanci. Kowace awa, dare da rana, nas tana zuwa ta haska bakinka, ta ɗora wata 'yar na'ura ta saurara ko jini yana gudu a cikin facin. In facin ya mutu sai an mayar da kai ɗakin tiyata, kuma likitar ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa ba lallai zuciyarka ta ɗauki aiki na biyu ba.

Elfed maƙwabcinmu ne ya kawo mu ranar Litinin, shi ne kuma yake duba gona. Ka kusa sa mu makara, in ka tuna. Mota a kunne, jakarka a ciki, kai kuwa kana can ƙofar shingen sama da karenka Mot, wai sai ka raba tumakin da za a sayar. Sai da na danne hon ɗin Elfed har ya ce zan kashe masa batir, sannan ka gangaro kana huci, da takalmin roba a ƙafarka. Ba ka ce mini uffan ba har muka wuce iyakar yankinmu. Na ɗauka fushi ne, na ce a raina ka yi ta yi, gobe sai ka nemi bakin magana ka rasa. Allah Ya yafe mini wannan tunani, tun jiya yake cin raina.

Jiya ka buɗe ido ka matse hannuna, na yi murna har na tafi na sha shayi da biskit biyu. Yau kuwa da na shigo ziyarar ƙarfe biyu ka dube ni kamar yadda kake duban jami'in gwamnati in ya zo ƙirga dabbobi. Idonka yana kan taga. Sau biyu ka ɗaga hannu ka kai yatsu bakinka, sau biyu Maureen ta sauke shi tana cewa, "A'a, Mista Vaughan, a bar wa likita kayanta." Ta ce ba komai, maganin barci ne bai gama fita ba.

Sun kaɗa ƙararrawar tashi. Ka huta lafiya.

Taka,
Nesta.

Liverpool,
Asabar, 17 ga Oktoba.

Tegid nawa,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina fatan ranar da za ka karanta wannan kana zaune a kujerarka kusa da murhu, kana tsaki kan rubutuna. Ni lafiyata ƙalau, sai ƙafa da ta kumbura saboda hawa bene.

Abin ba maganin barci ba ne. Likitar ta kira ni wani ɗan ɗaki mai kujeru uku da kwalin hankicin takarda a tsakiyar tebur, ina ganin kwalin na san ba labari mai daɗi ba ne. Yarinya ce, ba za ta wuce arba'in ba, amma ba ta kwana-kwana. Ta ce ruɗewar hankali ce da take kama mutane bayan babban aiki, musamman tsofaffi. Ciwo, magunguna, rashin barci, baƙon wuri, ga mutum ba ya iya magana, sai kwanya ta rikice ta kasa bambanta mafarki da ido biyu. Ta ce yawanci yana wucewa cikin kwanaki. Na ce, wanda ba yawanci ba fa? Ta ce mu bi shi rana-rana.

Ga abin da ka yi, tunda an ce in rubuta komai. Jiya da asuba ka sauko da ƙafa ɗaya daga gado, ƙafar da aka yanka, kana neman takalmi. Mutum uku suka mayar da kai. Da hantsi ka cusa yatsu biyu a baki har ka taɓa ɗinki, jini ya ɓata rigarka, gwiwar hannunka kuma ta fizge bututun hanci. Sai da aka sake zura wani aka kai ka hoto. Facin yana nan da rai, amma likitar ta ce ba kullum ake kwana a gado ba.

Sai ta turo mini takarda. Suna so su sa maka safar hannu, wasu ƙattai farare kamar na 'yan dambe, waɗanda ake ɗaurewa a wuyan hannu, kuma ba sa son yi sai da sanina. Gaba kura baya sayaki. Na tuna kai mutum ne da ko ranar aurenmu sai da ka kwance maɓallin wuyan riga kafin a fito daga coci. Na tuna kuma abin da ta ce game da zuciyarka. Na sa hannu, Tegid. Ni na sa, ba wani ba, kada ka tashi ka ɗora wa Maureen.

Ina tsaye aka sa maka su. Ba ka yi kokawa ba, da ma ka yi. Ka dubi hannuwan, ka dube ni, leɓunanka suna motsi, iska tana fita ta wuyanka tana huci. Shekara arba'in da uku ina fahimtar abin da kake nufi tun daga yadda ka ajiye kofi, amma jiya ban gane ko kalma ɗaya ba. Abin da na gane kawai shi ne ka san ni ce, kuma ka sa ni cikin waɗanda suka ɗaure ka. Da na taɓa kafaɗarka sai ka juya fuska bango.

Kuma bari in faɗa maka, ina jin haushinka. Wata shida muryarka tana dishewa kana ce mini ihun da kake yi wa tumaki ne. Yaushe ka taɓa yi wa tunkiya ihu? Kai da fito kake magana da Mot, Mot ya yi magana da tumaki. Na ce ka je asibiti, ka ce bayan haihuwar tumaki. Aka gama, ka ce bayan aski. Aka gama, ka ce bayan yankan ciyawa. Taurin kanku na gidan Vaughan, da lofen nan da ka rantse ka daina alhali ina tsintar tokarsa a bayan rumbu. Na faɗa na huce, ba zan sake ba.

Sun ba ni ɗaki a gidan 'yan jinya, tsallaken wurin ajiye motoci. Gado ɗaya, butar shayi, da taga da ba ta buɗuwa sai faɗin yatsu biyu, an sa mata ƙarfe. In na leƙa, bangon wani gini nake gani da bututun hayaƙi. Ana barina wurinka daga biyu zuwa huɗu, sai shida zuwa takwas. Sauran awannin ina zaune ina jiran agogo. Na gwada fita yawo sau ɗaya, na kai bakin titi, motoci suka ruɗa ni na dawo. Mutanen nan ba sa jin yarenmu, tun Litinin ban yi shi da kowa ba sai kai, kai kuma ka ba ni ƙeya.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sanyaya zuciyarka a kaina.

Matarka,
Nesta.

Liverpool,
Litinin, 19 ga Oktoba.

Mijina,

Ina gaishe ka, ina tambayar jiki, duk da na ga jikin da idona. Yau ba ni da dogon rubutu.

Safar ba ta hana ka ba. Kana kai ta baki kana turawa da ƙarfi har leɓenka ya fashe. Yanzu sun ɗaga ƙarafan gefen gado, sun zaunar da wani ma'aikaci a kusa da kai ba ya komai sai sauke hannunka. Ka ɗaga, ya sauke. Ka ɗaga, ya sauke. Na ƙirga sau sittin a ziyarar rana, na daina ƙirgawa. Kwana uku ke nan ba ka yi barcin awa ɗaya cur ba. Idonka ya faɗa, kullum yana kan taga, ga shi hawa na shida ne, babu abin gani sai sama.

Likitar ta ce in zuwa gobe da yamma ba ka lafa ba, za su mayar da kai sashen masu tsananin ciwo, su sa ka dogon barci, na'ura ta riƙa yi maka numfashi har facin ya kama. Na ce to ai hutu ne. Ta ce a shekarunka kwanciya irin wannan takan jawo ciwon huhu, kuma wasu in an tashe su ruɗewar ta fi ta da. Na tambayi Maureen a bakin ƙofa ta gaya mini gaskiya, ta ce, "Misis Vaughan, da mijina ne, da ban so ya sauka ƙasan nan ba." Daga nan ta ce in je in ci abinci.

Na kira Elfed da yamma. Tumaki lafiya, an yi ruwa kwana biyu, rufin rumbu yana yoyo a inda ka ce ka gyara. Sai ya shiga ba ni labarin Mot, wai ba ya cin abinci, wai kullum yana kwance a ƙofar shingen sama cikin ruwa, sai ya ɗauko shi da hannu ya kulle a rumbu, gari na wayewa in ya buɗe sai karen ya koma can ya kwanta. Wai ya kira shi, ya yi fito, ya kai masa hanta, ko gezau. Na ce, Elfed, mijina yana ɗaure a gado kana ba ni labarin kare? Na kashe wayar. Gobe zan ba shi haƙuri, bawan Allah, shi da yake mana wahala.

Na yi addu'a yau, amma ban san me zan roƙa ba. In ce a kwance ka, ka yaga facin. In ce a bar ka a ɗaure, ga yadda kake. Na ce Allah Ya zaɓa.

Ka yi barci, Tegid, don Allah ka yi barci.

Nesta.

Liverpool,
Talata, 20 ga Oktoba.

Zuwa ga Tegid, mijina abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki? Yau na yi tambayar da gaske, amma ba zan tashe ka ka amsa ba, don barci kake yi. Awa uku ke nan. Sun bar ni na wuce lokacin ziyara, Maureen ta ce duk wanda ya kaɗa mini ƙararrawa ita da shi ne.

Bari in bi da kai daga farko. Na iso ƙarfe biyu saura, na tarar da Maureen tana haɗa takardunka na sauka ƙasa. Ta ga fuskata, ta so ta ba ni dariya. Ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin mutum mai son mota irin mijinki ba. Rai a hannun Allah, shi kuwa gwajin mota ne ya dame shi." Na ce wace mota? Ta ce ai da safe in sun cire safar don su wanke maka hannu sukan ba ka ɗan allo da alƙalami, ko za ka rubuta inda yake maka ciwo. Tun ranar Asabar abu ɗaya kake rubutawa, haruffa uku manya, M da O da T. Ka san haka suke kiran gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Ta ce kullum sai su ce maka, "An yi, Mista Vaughan, motar ta ci jarrabawa, kwantar da hankalinka," su goge allon. Kai kuma sai ka ƙara birkicewa.

Tegid, nan take na gane. Na ce mata tsohuwar motarmu ta shekara biyu a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a cikinta. Mot kare ne.

Daga nan komai ya dawo mini a jere. Safiyar Litinin, kai a ƙofar shingen sama. Ka yi wa Mot fiton kwanta ka tsare, ina jinka daga mota, dogon nan guda ɗaya. Sai na danne hon. Ka gangaro da gudu don kada in tara maka jama'a, ka shiga mota. Ba ka yi masa ɗaya fiton ba, na sallama, wanda yake ce masa aiki ya ƙare, taho gida. Kare kuwa irin Mot, da ka horar da hannunka tun yana ɗan kwikwiyo, in ba a sallame shi ba bai tashi daga aiki ba. Ga Elfed jiya yana gaya mini a fili, na kashe masa waya.

Na shiga na tsaya a kanka, na duba da kyau a karo na farko. Da ma ba yagar ɗinki kake yi ba, fito kake ƙoƙarin yi da yatsu. Hannun dama ne kullum, ka karkata kai hagu, ka ja numfashi, ka ɗaga haɓa wajen taga. Sau dubu nawa na ga wannan tsayuwar daga tagar kicin? An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga shi ni mai ɗakin na sa hannu aka ɗaure ka saboda kana kiran karenka. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na rasa wanda ya fi.

Na ce a cire safar. Ma'aikacin ya ce ba shi da izini. Maureen ta ce ko an cire ba za a bar yatsu su shiga bakin ba, kuma gaskiyarta ne. Na sunkuya na gaya maka da yarenmu cewa Mot yana lafiya, Elfed yana kula da shi. Ko kallona ba ka yi ba. Magana ba ta isa inda kake.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Na iya fito. Babana ya koya mini ina 'yar shekara bakwai, na fi yayyena maza ƙara. Satin farko da aka kawo ni Hendre na yi shi a tsakar gida ina shanya, mahaifiyarka, Allah Ya ji ƙanta, ta fito da ludayi a hannu ta ce gidan da mace take fito albarka ba ta kwana a cikinsa. Kana kan dutse ranar. Tun daga nan ban sake ba, har bayan rasuwarta, sai ka ce tana laɓe a bayan ƙofa.

Na ajiye jakata a kan kujera, na sa yatsu biyu a baki, a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, ni tsohuwa mai zuwa coci da hula. Na farko iska ce kawai da yawu. Mutumin gadon da yake kallon naka, wani tsohon direban bas da aka cire wa haɓa, ya zaro ido. Na biyu ya fito kamar kukan buta. Maureen ta ce, "Misis Vaughan, lafiya?" Na lashe leɓe, na tuna yadda kake yi da yamma in kun gama, gajeru biyu da dogo ɗaya, na sake shi da duk ƙarfina. Har wata nas ta yar da faranti a waje.

Hannunka yana sama lokacin, ya tsaya cak. Ka juyo da kai a hankali, ka bar taga, ka dube ni. Na sake yi, a hankali wannan karon. Sai ka saurara, irin sauraron da kake yi in kana jiran ya ɓullo ta bayan tudu. Ban san me ka gani ba, amma na ga hannun ya sauka da kansa a kan bargo, ba wanda ya taɓa shi. Hawaye ya gangaro ta gefen idonka ya shiga kunne, na goge da hankicina. Kafin minti goma ka yi barci.

Likitar ta zo ƙarfe biyar ta tsaya ta dube ka, ta saurari facin, ba ka ko motsa ba. Ta ce kada in ɗauka an gama, ruɗewar takan tafi ta dawo, kuma sun canja maka wani magani tun safe, wataƙila shi ma ya taimaka. Na ce ko ma mene ne. Ta ce za a dakata da saukar da kai zuwa gobe a gani. Maureen kuwa ta ɗauki alƙalami ta rubuta a takardar da take saman gadonka, da manyan haruffa, cewa Mot kare ne.

Na kira Elfed na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ai ya saba da bakina tun muna makaranta.

Taka har kullum,
Nesta.

Hendre,
Asabar, 24 ga Oktoba.

Masoyina Tegid,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gidanka, da fatan ka kwana lafiya, da fatan kuma ba ka ba su Maureen wahala. Yaya jiki, yaya cinyar? Tun da aka kwantar da kai, wannan ce wasiƙa ta farko da na rubuta maka daga nesa da gaske, a teburin kicin. Ba zan sa mata kan sarki ba, gobe Elfed zai mayar da ni in kawo ta da hannuna.

Kwanakin nan na ƙarshe wataƙila kana tuna wasu, amma zan rubuta don kada su haɗu da mafarki. Ranar Laraba ka tashi a ruɗe sau biyu, sau biyu na yi fiton, har direban bas ya fara ɗaga mini babban yatsa. Ba a saukar da kai ba. Ranar Alhamis da rana suka cire safar, aka ba ka allo ina zaune. Ka daɗe kana rubutu, ni kuwa ina jiran ko sunana ne, ko tambayar ina kake. Ka juyo da allon. Ka rubuta da yarenmu: "Na ƙarshen ya yi ƙasa. Da wannan fiton, hagu Mot zai yi." Maureen ta ce in fassara mata, na ce cewa ya yi ban iya ba. Ta ce, "To, ya dawo." Na yi dariya har na koma kuka, kai kuwa kana kallona kana jiran in gyara.

Abin da ya biyo baya ka sani, amma an ce in rubuta komai. Jiya da rana, da hankalinka garau, ka faki idon nas ka ɗora yatsu biyu a kan leɓe, ba ciki ba, don ka nuna mini yadda ake yi. Ka ja numfashi ka hura. Babu abin da ya fito ta baki. Ɗan ƙyallen da aka rufe ƙofar wuyanka da shi ne ya ɗaga ya koma. Ka sake, ya sake ɗagawa. Sai ka dube ni.

Kafin aikin sun zaunar da mu awa guda, sun yi mana bayanin magana, da haɗiya, da wanka, har da cewa ba za ka riƙa jin ƙanshi sosai ba. Sun ce nan gaba za a sa maka wata 'yar na'ura ka koyi wata irin murya. Ba wanda ya ambaci fito, mu ma ba mu tambaya ba. Su ba su san da shi kake aiki ba, mu kuma ba mu san iskar ba za ta sake bi ta baki ba. Ka rubuta, "Har abada?" Na so in ce sai a hankali, na so in ce likitoci suna da dabaru. Amma na riga na yi maka abu ɗaya a bayan idonka a wannan asibitin, ba zan ƙara na biyu ba. Na ce har abada, Tegid.

Ka daɗe kana kallon silin. Sannan ka goge allon da gefen hannu, ka zana layi, gajeru biyu a kwance, na uku dogo ya hau sama kamar hanyar shingenmu. Ka rubuta a ƙasa, "Je ki sallame shi." Na ce ba zan bar ka ba. Ka ƙwanƙwasa allon da alƙalami sau uku, yadda kake ƙwanƙwasa tebur in ka gama magana.

Yau Elfed ya zo ya ɗauko ni, mun iso da la'asar, ana yayyafi. Ban ko shiga gida ba, na sa takalminka na roba da ka bari a motar Elfed na hau. Yana nan inda ka bar shi, Tegid, a gindin ƙofar, haɓa a kan ƙafafu, yana fuskantar fili. Tumakin da ka ce ya tsare an sayar da su tun satin jiya, babu komai a filin sai ciyawa. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ya ga ni, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, bai tashi ba.

Na yi fiton. Ka yi gaskiya, na ƙarshen ya yi ƙasa. Ya zabura ya yi hagu, ya zagaye filin nan kaf da gudu yana tattara tumakin da babu, ya dawo ya kwanta yana haki. Elfed yana bayana yana cewa, "Nesta, kashe shi za ki yi." Na fito da takardar da na kwafi zanenka a kai, na duba, na share bakina. Gajeru biyu, na uku na ja shi sama har kunnena ya yi ƙara.

Ya ɗaga kai. Bai dube ni ba, bayana ya duba, ta kan kafaɗata, har gangaren hanya. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tashi ya taho a hankali, ya shinshina takalmin da yake ƙafata, ya bi ni har gida. Ya ci romo kwano biyu, yanzu haka yana kwance a kan ƙafata, shi ya sa rubutun ya karkace.

Elfed ya ce fito takwas kake yi masa. Na iya ɗaya, da rabin na hagu bisa kuskure. Raguna za su shiga garke farkon watan gobe, kuma ba wanda zai sauko da tumaki daga kan dutse sai Mot. Saboda haka ka ci abin da suke zuba maka ta bututun nan, ka bar facin ya kama, ka sa su sallame ka. Ka zo da allonka ka tsaya a gefena a ƙofar shinge, kai ka zana, ni in hura. In mahaifiyarka tana da magana, ta same ni a can.

Elfed yana gaishe ka, mutanen coci suna gaishe ka. Mot ya taso daga aiki.

Ni ce matarka mai ƙaunarka,
Nesta Vaughan.